Tafiya hutu da kare daga Jidda zuwa Ɗa'ifa da Abha: me zan tanada?

Wani ɗan'uwa mazaunin kudancin Jidda ya aiko da tambaya. Yana da kare irin na Jamus, ɗan shekara uku, nauyinsa wajen kilo 30, wanda ke gadin istiraha, wato gidan hutu mai fili da katanga, inda mutumin yake kiwon tumaki a bayan gari. Yaron da ke kula da wurin zai tafi gida ganin iyaye. Maƙwabci ya yarda zai duba tumakin, amma ya ce shi ba ya taɓa kare. Shi kuma mai karen ya riga ya yi wa iyali alkawarin kwana goma a Ɗa'ifa da Baha, in hali ya yi har Abha, a farkon watan Agusta kafin yara su koma makaranta. Ya ce: "Likita, zan iya tafiya da shi a mota? Me zan tanada?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya saka da alheri da ka yi tambaya tun da sauran lokaci, don da yawa sai an gama loda kaya a mota sannan ake tunawa da kare. Za ka iya tafiya da shi, amma da sharaɗi ɗaya, kuma duk bayanina a kansa zai rataya. Ka ɗauki takarda ka rubuta kwanakin nan goma, tun daga fitowarku gida har dawowa, sannan a kowace sa'a ka tambayi kanka: a ina karen nan yake yanzu, wa ke tare da shi, akwai inuwa da ruwa a wurin? Duk inda ka ga amsar ita ce "zai ɗan jira mu a mota", to ka ja layi a ƙarƙashin wurin. Sai ka warware shi kafin ka tayar da mota.

Na fara da wannan ne saboda a shekarun da na yi ina duba dabbobi a garin nan, ban ga abin da ke kashe kare a hanya kamar zafi ba. Ni da kai in zafi ya dame mu gumi muke yi, iska ta busa mu ji sanyi. Kare ba ya gumi sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafarsa. Da haki yake fitar da zafin jikinsa: ya zaro harshe, iska ta riƙa shiga tana fita tana busar da danshin baki da maƙogwaro. Wannan kuwa sai in iskar busasshiya ce. To ka san Jidda a watan Agusta, ka san ruɗuba, wato danshin iska, ka fito daga wanka ka goge jiki amma kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. A irin wannan iskar hakin kare ba ya tsinana masa komai, gajiya kawai yake ƙara masa. Zafin jikin lafiyayyen kare tsakanin digiri 38 ne da 39 da ɗan ɗoriya. In ya haura 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji sun fara taɓuwa, jini ya fara rikicewa. Tsakanin lafiya da halaka digiri biyu ne kacal, kuma mota a rufe cikin rana ba ta buƙatar rabin sa'a kafin ta kai shi can. Sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai.

Akwai wani da har yau yana raina. Wasu mutanen kirki ne, suna dawowa daga kudu ta hanyar bakin teku, suka tsaya a gidan mai don sallar azahar da cin abinci. Ba su ma kashe motar ba, sun bar mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, yana aiki, a ganinsu sun yi abin da ya dace. Amma karen yana can baya tsakanin akwatuna da barguna, inda sanyin ba ya kaiwa, rana kuma tana dukan gilashin baya kai tsaye. Da suka iso wurinmu harshensa ya yi duhu, dasashinsa ja wur kamar jan bulo, yana zawo da jini, ko kai ba ya iya ɗagawa. Na sa masa ma'aunin zafi na ga ya wuce 42. Muka sanyaya shi, muka ɗaura masa ruwa, muka kwana a kansa, amma kafin asuba ya mutu. Ɗansu, wanda bai fi shekara goma ba, yana zaune a kan benci da igiyar karen naɗe a hannunsa, ya ƙi sakinta har suka tafi. Ba mugunta ce ta kashe karen nan ba, rashin sani ne, shi ya sa ba na gajiya da maimaita wannan labarin.

Saboda haka wurin zamansa a mota shi ne abu na farko da za ka gyara. In babbar mota ce mai kujeru layi uku, ka naɗe layin baya ka ajiye kejinsa a nan, ka ɗaure kejin da igiya mai ƙarfi yadda ba zai zame ba in ka taka burki. Kejin ya zama mai ramukan iska ta kowane gefe, kuma ya ishe shi ya miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. Kada a jera kaya a jikinsa su toshe iska, kayan su hau rufin mota ko a rage su. Kafin ranar tafiya, da tsakar rana, ka kunna mukayyif ka shiga bayan da kanka ka zauna minti goma a daidai inda kejin zai kasance. In kai ka ji zufa, shi mutuwa zai ji. Ka manna abin tare rana a gilasan baya. Bayan buɗaɗɗiyar mota kuwa, irin wadda ake ɗaukar tumaki, kada ka ma yi tunaninsa: ƙarfen yana ƙona tafin ƙafa, kuma kare yana iya dirowa mota na gudu. Haka nan kada yara su bar shi ya riƙa leƙo da kai ta taga, ƙura da tsakuwa suna shiga ido.

Lokacin tashi ma da muhimmanci. Ku yi sallar asuba ku kama hanya, ko ku fita kafin asuba ku yi sallar a hanya. Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa bai kai kilomita 200 ba, tafiyar sa'a biyu ce da ɗan abu, ka ga kafin rana ta yi ƙarfi kun hau dutse. Ɗa'ifa tana kusan mita 1,900 sama da teku, Abha ta haura 2,200, kuma wannan tsayin shi ne rahamar da karenka zai samu. Shi ya sa nake ba ka shawarar in za ku wuce kudu, ku bi hanyar kan dutse daga Ɗa'ifa zuwa Baha zuwa Abha, ku raba ta kwana biyu, maimakon ku bi ta Lis da Ƙunfuza a ƙasan Tihama inda zafi da ruɗuba suke kamar Jidda ko fiye. In kun zaɓi dawowa ta bakin teku don ta fi miƙewa, to tafiya ce ta fiye da kilomita 600, ku yi ta da daddare. Amma kada sunan Ɗa'ifa ya ruɗe ka. Da tsakar rana a watan Agusta zafinta yana haura digiri 30 sosai, kuma ranar kan dutse tana da kaifi. Mota a rufe a Ɗa'ifa tana kisa kamar yadda take kisa a Jidda.

Hawan Hada, wato titin da ke hawa dutse zuwa Ɗa'ifa, kwana-kwana ne, kuma karen da bai saba mota ba zai yi jiri. Za ka ga yana dalalar da miyau, yana lasar leɓe, yana hamma, sai amai. Kada ka ba shi abinci sa'a uku ko huɗu kafin tashi, ruwa dai a ba shi. Akwai ƙwayar hana amai ta karnuka da likita zai rubuta maka gwargwadon nauyinsa, ana ba shi kamar sa'a biyu kafin tafiya. Abin da ba na so shi ne maganin barci. Mutane suna zuwa suna cewa a ba su abin da zai kwantar da kare har a isa. Irin waɗannan magungunan suna saukar da bugun jini, suna raunana yadda jiki ke daidaita zafinsa, kuma karen da aka bugar ba zai iya nuna maka yana cikin wahala ba. Maganin tsoron mota shi ne sabo. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu ka kai kejin istiraha ka bar shi a buɗe, a riƙa zuba masa abinci a ciki har ya ɗauke shi ɗakinsa. Bayan kwana uku ko huɗu ka sa kejin a mota ku zaga minti biyar da daddare, gobe minti goma, jibi rabin sa'a. Karen gadi da ya yi shekara uku a fili ɗaya bai san duniya ba, komai sabo ne a wurinsa, har ƙarar tirela.

A hanya ku riƙa tsayawa duk bayan sa'a biyu ya sha ruwa ya yi fitsari. Ka maƙala masa igiya tun yana cikin keji, kafin ka buɗe ƙofar mota. A gidajen mai ne karnuka suka fi ɓacewa: ƙofa ta buɗe, wata mota ta yi ham, ya zabura ya tsallaka titi. Kafin ka sauke shi ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta ka ƙirga bakwai. In ba ka iya jurewa ba, shi ma tafin ƙafarsa ba zai jure ba, ka nemi inuwa ko ƙasa. In lokacin salla ya yi, ku yi ta kashi biyu, wani ya tsaya da shi a inuwa, in an idar a canza. Kare mai kilo 30 yana shan kusan lita biyu a rana in yana zaune lafiya, cikin zafi da tafiya kuwa yana iya ninka haka. Ka ware masa jarkarsa da kwanonsa, kada a haɗa da na mutane.

Ga wani wuri da na tabbata zai fito a takardar da na ce ka rubuta. Mutanenmu in sun je Ɗa'ifa, da wuya su dawo ba su ɗaura harami a Wadi Muhrim ko Sailul Kabir sun sauka Makka sun yi umara ba. Na san Hajiya za ta so haka, kuma abu ne mai kyau. Amma umara da kare a mota ba ta yiwuwa. Ba za ka kai shi kusa da Harami ba, ba kuma za ka bar shi a wurin ajiye motoci na sa'a uku ko huɗu a zafin Makka ba. Ko dai ku wuce kai tsaye ku ajiye shi a Jidda ku dawo umararku wata rana, ku tambayi malami yadda za ku yi da miƙati, ko kuma ka sauke iyali kai ka wuce da karen ka komo ɗaukarsu. Ku yanke wannan shawarar tun a gida, don kada a zo ana ja-in-ja a bakin miƙati.

Sai abin da za a yi a asibiti, kuma a yi shi aƙalla mako uku kafin tafiya. Ka kawo shi da katin rigakafinsa. Allurar haukan kare ita ce gaba da komai. In bai taɓa yi ba, sai an yi kwana 21 bayan allurar ake ɗaukar ta kama. Cutar tana nan a ƙasar nan tsakanin dabbobin daji irin su yanyawa da karnukan da ba su da masu su, kuma da zarar alamunta sun bayyana, ga mutum ko dabba, kusan babu mai tashi. Sai allurar haɗaka da ke kare shi daga cutar amai da zawon jini da sauran cututtukan da karnuka ke ɗauka a junansu. A ba shi maganin tsutsar ciki. A sa masa shariha, wato ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lamba, in ya ɓata aka kai shi asibiti a gane mai shi. Amma wanda zai tsince shi a ƙauyen Baha ba shi da na'urar karanta shariha, don haka ka rataya masa ƙarfe a abin wuya, da lambar wayarka da kalma biyu da Larabci. Ka ɗauki hotonsa a waya, da hoton katin rigakafin.

Kaska kuma kada ka raina ta. Tana sa wa kare zazzaɓin da ke cinye jini, wanda wani lokaci sai mako biyu ko uku bayan kun dawo za ka ga ya daina cin abinci, dasashi ya yi fari, ko jini na fita ta hanci. Akwai ƙwayar da ake ba shi ta yi wata ɗaya, akwai mai wata uku. A kudu maso yamma, wajajen Asir, lardin da Abha take, da Jazan, akwai kuma wani ɗan mitsitsin ƙuda mai cizo daga magariba zuwa asuba, wanda ke ɗauke da cutar lishmaniya. Akwai abin wuya mai magani da ke korarsa, a sa masa mako biyu kafin tafiya don ya bi jiki. In akwai kyanwa a gidan ka faɗa wa likita, don wasu magungunan kaskar kare guba ne ga kyanwa. Kuma don Allah kada a yi masa wanka da maganin feshin tumaki ko a shafa masa kananzir ko baƙin mai. Na sha karɓar karnuka suna karkarwa suna kumfa saboda wannan. Gashinsa ma kada a aske shi ƙwal da sunan rage masa zafi, gashin yana kare fatarsa daga rana. A dai taje shi sosai a fitar da mataccen gashin ƙasa.

Masauki shi ne inda tafiya da kare ta fi ba mutane wuya a Saudiyya. Yawancin otal-otal da gidajen haya masu kayan ɗaki ba sa karɓar kare, kuma ba daidai ba ne ka shigar da shi a ɓoye. Abin da zai yi maka shi ne istiraha ko shale mai tsakar gida da katanga. Ka kira mai wurin, ka gaya masa gaskiya: kare ne babba, na gadi, zai kwana a tsakar gida cikin kejinsa, ba zai shiga ɗaki ba. Ka sa ya rubuto maka amincewarsa ta WhatsApp. Lokacin hutu ne, wurare suna cika, in ka isa da daddare aka ce ba a yarda ba, ba ka da inda za ka nufa da yara huɗu da kare. Da kun isa, kafin ka sake shi, ka zaga katangar da ƙafarka. Ka duba ramuka, ka duba ko an ajiye gubar ɓera a lungu, ka duba ko akwai furen difla, wanda ake yawan shukawa don ado, ganyensa da furensa duk guba ne. Ka kawo tsohon buhun ko bargon da ya saba kwanciya a kai, kada a wanke, warin gida yana kwantar masa da hankali.

Ka kuma riƙe haƙƙin mutane. Mu da muka taso a kan Malikiyya mun san mazhabarmu ba ta ɗauki jikin kare najasa ba, amma yawancin mutanen ƙasar nan Hambalawa ne, a wurinsu najasa ne, abin da ya lasa sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Wanda ya ja da baya da ya ga karenka ba wulaƙanta ka ya yi ba, tufafin sallarsa yake karewa, ko tsoro yake ji. A wuraren shaƙatawa irin dajin Ragadan a Baha ko kan Suda a Abha, iyalai suna shimfiɗa a ƙasa, yara suna guje-guje, kuma mai gadin wurin yana iya hana ka shiga da shi, hakan kuwa haƙƙinsa ne. Ka fita da shi bayan asuba ko bayan isha, nesa da shimfiɗun mutane, da gajeriyar igiya a hannun babba, ba a hannun yaro ba. Ka saba masa da takunkumi, irin mai raga wanda zai iya buɗe baki ya yi haki a ciki, ba na ƙyalle mai ɗaure baki gam ba, wannan cikin zafi shaƙe shi zai yi. Ka kwashe kashinsa a leda. Karen gadi an koya masa ganin baƙo a matsayin ɓarawo, a can kuwa kowa baƙo ne. Cizo ɗaya ya isa ya mayar da hutunku zaman ofishin 'yan sanda.

Birai su ne abin da masu zuwa daga Jidda ba sa sa wa a lissafi. Tun daga hawan Hada har Baha da Abha za ka gan su garke-garke a bakin titi, sun saba da mutane na jefa musu ayaba, ba sa tsoron kowa. Babban namijinsu yana da fiƙoƙi da suka kai na kare ko suka fi, kuma ba shi kaɗai yake faɗa ba. Karenka zai yi haushi ya nemi bin su, in ya kuɓuce sai dai ka ɗauko shi a yage, ko ya bi su ya faɗa gangaren dutse. Inda duk ka ga birai, gilashi a rufe, kare a keji, yara kada su miƙa hannu. Haka karnukan makiyaya: in ka hango garken awaki ka canza hanya. Duk wanda biri ko baƙon kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ko da ciwon bai kai a kula ba.

Asir tana samun ruwa a irin wannan lokacin, galibi da yamma, da tsawa mai ƙarfi, wani lokaci da ƙanƙara, sai hazo ya sauko ka daina ganin motar gabanka. Karen da ya taso a Jidda bai san tsawa sosai ba. Da yawa suna firgita su haura katanga, kuma a garin da bai sani ba ba zai gane hanyar dawowa ba. Da ka ga hadari ya haɗu ka sa shi a keji a ƙarƙashin rumfa, ka rufa bargo a rabin kejin. Haka in ana wasan wuta na bukukuwan hutu. Kada ku yi zango a cikin kwari ko da a bushe yake, ruwan da aka yi a kan dutse yana saukowa ba sallama. Da daddare ka riƙe tocila in za ka zaga da shi, kada ka bar shi yana cusa hanci a ƙarƙashin duwatsu, akwai kunama, akwai kububuwa da kasa a duwatsun kudu. In maciji ya sare shi kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A ɗauke shi a hannu kada ya yi tafiya, a nufi asibiti. Shi ya sa nake so tun kana Jidda ka nemo lambar asibitin dabbobi a Ɗa'ifa da Baha da Abha ko Khamis Mushaiɗ, ka kira ka ji ko suna duba karnuka da kuma lokutan aikinsu, don wasu tumaki da raƙuma da tsuntsaye kawai suka sani.

Abinci kuwa ka tafi masa da wanda ya saba, na kwana goma sha biyu. Canjin abinci a hanya zawo yake kawowa. Matsalar ba daga kai za ta zo ba, daga yara za ta zo, don haka ka tara su ka yi musu bayani. Ɗa'ifa garin inabi ne, za ku saya kwali-kwali a bakin hanya, to inabi da zabibi suna iya kashe ƙodar kare, kuma ba a san adadin da za a ce ba komai ba. Cakulan guba ne gare shi, haka gahawa, haka albasa da tafarnuwa in sun yi yawa, ka ga ragowar kabsa ba abincinsa ba ce. Dafaffen ƙashin mandi ko na kaza yana tsagewa ya huda hanji. Ƙwallon dabino yana iya toshe hanji, na taɓa buɗe cikin wani na ciro su cike da tafin hannu, bayan an yi zaman shan gahawa an watsar da su a tsakar gida. In kun yanka rago a can, kada a jefa masa ɗanyen huhu ko hanta, musamman mai ƙuraje kamar ƙwai cike da ruwa. Daga nan kare ke ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa, ya koma ya yi wa mutum ƙari a hanta, yara kuwa su suka fi wasa da ƙasa. Babban kare mai zurfin ƙirji irin naka kada a cika masa ciki sannan a sa shi gudu, cikin yana iya kumbura ya murɗe, a raba masa abincin safe da dare. Panadol da Brufen da ke jakar Hajiya ba nasa ba ne, kada a ba shi ko rabi.

To in duk da haka zafi ya kama shi fa? Alamun su ne haki mai ƙarfi da ba ya tsayawa, miyau mai kauri yana zuba, dasashi ja sosai, tangaɗi kamar ƙafafun ba nasa ba, amai, sannan faɗuwa. Kada ka ce bari in kai shi asibiti tukuna. A nan inda kake za ka fara. Ka ja shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki duka, musamman wuya da ciki da tsakanin cinyoyi, har ruwan ya ratsa gashi ya kai fata, yara su riƙa yi masa fifita da kwali. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi. In yana iya sha da kansa a ba shi kaɗan-kaɗan, in ba ya iyawa kada a ɗura masa. Sannan a sa shi a mota jiƙe, mukayyif a ƙure, a tafi. Ko ya miƙe ya warware a kai shi, don ɓarnar ƙoda sai bayan kwana ɗaya ko biyu take fitowa. Ka sayi ma'aunin zafi nasa shi kaɗai, ta dubura ake aunawa, in ya sauko 39 da rabi a daina zuba ruwa. Ka haɗa shi a jaka ɗaya da bandeji, da ruwan wanke ciwo, da ɗan hantsakin cire kaska da ƙaya, da igiya ta biyu.

Alhaji, ka san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da kare mai lallagin ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Karen nan shekara uku yana kwana a farke don tumakinka su kwana lafiya, kuma Shari'a ta halatta maka riƙe shi don gadin dabbobi. Ni a ganina, in ka rubuta takardar nan ka ga layukan da ka ja sun yi yawa, masauki bai samu ba, ko gwajin mota ya nuna ba ya jurewa, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. A Jidda akwai asibitocin dabbobi da wuraren da ke karɓar ajiyar karnuka a biya su kullum. Za su nemi katin rigakafi, ka ga ta nan ma sai ka kawo shi an yi masa allurar. Kada ka biya ta waya. Ka je da tsakar rana ba tare da ka sanar ba, ka ce a nuna maka ɗakin da zai kwana, ka tsaya a ciki ka ji ko da sanyi, ka leƙa kwanon ruwan na kusa da shi, ka tambayi wa ke kwana a wurin da daddare in wuta ta ɗauke. Ka kai shi ya kwana ɗaya na gwaji mako guda kafin tafiyarku, da abincinsa da tsohon bargonsa, ka ga yadda zai fito da safe.